Likitar gashi ce ni, amma a asibitinmu "mai tausa" suka ɗauke ni

Assalamu alaikum Anti. Ni likitar gashi ce, wato fisiyo (physiotherapy), mai gyaran motsin jiki da gaɓoɓi. Na yi digiri na shekara biyar, na yi horon shekara guda a asibiti, na yi bautar ƙasa, ina da rajista da lasisi. Yanzu ina aiki a wani asibitin jiha a wata ƙaramar hukuma, ni kaɗai a sashen. Sashen ma ɗaki ɗaya ne da gado biyu da fitilar gashi da ta lalace tun kafin in zo. Likitoci ba sa turo mini marasa lafiya sai an kusa sallamarsu, in sun turo kuma sai su rubuta "a gasa, a yi tausa", kamar ba ni da ta cewa. Kwanan baya wata dattijuwa ta zo wurina kai tsaye da ciwon baya, na duba ta na fara mata aiki. Da wani babban likita ya ji, ya yi mini faɗa a gaban nas-nas da majinyata, ya ce wa ya ba ni izinin ganin mara lafiya ba da saninsa ba. Ranar da kuka na kwana. A cikin garin kuma akwai wani da bai karanta aikin ba, ya sayi injuna ya buɗe wurin gashi, ana ce masa dakta, layi har waje. A gida Baba yana cewa gara da aikin jinya na karanta, dangi kuma "mai tausa" suke kirana. Ƙawayena biyu sun tafi Ingila, kullum suna cewa in daina ɓata lokaci. Kawuna ya ce zai ba ni jari in buɗe wurina. Na riga na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakata. Anti, in miƙa ta? In tsaya in ƙwaci 'yancina? Ko in bi ƙawayena?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Bar takardar nan a jaka tukuna. Ban ce ki yaga ta ba, don mai yiwuwa ranarta ta zo nan gaba. Amma in kika miƙa ta a wannan makon, zafin faɗan da aka yi miki ne ya yanke miki hukunci, kuma na san abin da zai biyo baya. Za a kulle ɗakin, bayan 'yan watanni a zuba kwalaye a ciki, masu shanyewar ɓarin jiki da yaran da suka kasa zama su koma bin layin mutumin nan mai injuna. Ke ma za ki fita da ciwon a zuciya, ki kai shi duk inda kika je.

Abin da likitan ya yi bai dace ba. Ko da a ce kin yi kuskure, abokin aiki ofis ake kiransa a yi magana, ba a tsaya a kansa a gaban majinyata. Na fara da wannan ne don kada ki ɗauka uzuri nake nema masa a abin da zan faɗa a gaba.

Tambayar da ya yi miki tana da amsa, kuma ya kamata ki riƙe ta a ka. Izinin da kike aiki da shi daga hukumar MRTB ya fito, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa domin yi wa masu gashi da takwarorinsu rajista da sa ido a kan aikinsu. Lasisin da kike sabuntawa kowace shekara naki ne, da sunanki, ba a rataye yake a jikin lasisin wani ba. Sana'ar kuma ta daɗe a ƙasar nan. A 1945 wasu Turawan Ingila biyu suka fara ta a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, lokacin da ake dawo da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙungiyarku ta ƙasa, NSP, an kafa ta a 1959 tun kafin 'yancin kai, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digirin gashi a 1966. Ba cin arziki kika zo yi a asibitin nan ba.

Sai dai izinin yin sana'a daban, hanyar da mara lafiya ke bi a cikin asibitin gwamnati daban, kuma nan ne nake so ki duba kanki tsakani da Allah. Ba ki gaya mini ko dattijuwar ta yanki kati ba, ko an buɗe mata fayil, ko kin rubuta abin da kika gani a jikinta da abin da kika yi mata. In duk an yi wannan, hujja tana hannunki. In kuwa tausayi ne ya sa kika shigar da ita ɗaki kika fara aiki ba kati ba rubutu, to likitan ya yi laifi a yadda ya yi magana, amma damuwarsa tana da tushe. Duk wanda aka taɓa a cikin asibiti, asibitin ne zai amsa in abu ya lalace. Mara lafiyar da ba ta cikin fayil ba ta da kariya, ke ma ba ki da ita.

Ciwon baya kuma yana da nasa hatsarin. Yawancinsa na tsoka ne da gaɓoɓi, aikinki ne tsantsa. Amma a ƙasarmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma yakan zo da ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, da zazzaɓin dare da rama. Dajin mama yakan bazu zuwa ƙashi. Mai sikila da ke kukan ƙugu, mai yiwuwa kan ƙashin cinyarsa ne jini ya daina kaiwa. Wanda ya ce fitsari ya ƙi fita ko yana kufce masa, ko ya daina jin tsakanin cinyoyinsa, wannan na likitan tiyata ne a ranar, bai kamata ya kwana a hannunki ba. Kin karanta duk wannan, na sani. Amma likitan bai san kin sani ba, kuma tsoron da ke zuciyar da yawansu ke nan: a yi wata biyu ana gasa tarin fuka. Wannan tsoro ba ya fita sai sun ga da idonsu kina tsamo irin waɗannan kina turo musu. Ranar da kika aika wa likitan nan mara lafiya da rubutu layi huɗu, ga abin da na samu, ga abin da nake zargi, ina neman a yi hoto da gwajin jini, aka kuma duba aka ga haka ne, ranar kin yi wa sana'arki abin da gardamar shekara ba za ta yi mata ba.

Ƙasashen da ake yabon 'yancin masu gashi a cikinsu ma haka suka biyo. A Ostireliya, sai a 1976 ƙungiyar masu gashi ta cire ƙa'idar da ta hana mambobinta ganin mara lafiya sai likita ya turo. A Birtaniya, inda ƙawayenki suke, wata takarda ce daga ma'aikatar lafiya a 1977 ta amince cewa mai gashi shi zai yanke irin aikin da zai yi wa mara lafiya da tsawon lokacinsa. Wato kafin nan su ma irin "a gasa, a yi tausa" ake rubuto musu. Ikon rubuta magani da kansu kuwa, ga waɗanda suka yi ƙarin horo, sai a 2013 suka samu. A Amurka jihar Nebraska ce ta fara barin mutane su je wurin mai gashi kai tsaye a 1957, amma sai a 2015 dukkan jihohi 50 suka yarda da wani nau'i na hakan, wasu da sharuɗɗa. Ƙungiyoyi ne suka riƙa tara hujja shekara da shekaru, suna nuna cewa mambobinsu sun san nasu, sun kuma san abin da ba nasu ba.

Saboda haka ki nemi ganin likitan a ofishinsa, a ranar da ba cunkoso. Ki gaishe shi yadda ake gaida na gaba. Ki gaya masa cewa faɗan da aka yi miki a gaban jama'a ya yi miki ciwo, a jimla ɗaya, kada ki tsawaita kuma kada ki ɓoye. Sannan ki ajiye masa takarda shafi guda da kika tsara. A ciki ki rubuta cewa likitan da zai turo mara lafiya ya faɗi ciwon da abin da ake gudu, misali ƙafar da ba a so a taka tukuna, ke kuma ki duba ki zaɓi aikin da ya dace ki mayar masa da bayani. Wanda ya zo wurinki da kansa zai yanki kati, ki tantance shi da jerin alamomin hatsari da kuka amince da su tare, in kin ga ko ɗaya ki tura shi nan take. Ki kuma lissafa waɗanda ya kamata a sanar da ke tun kwanakin farko na kwanciyarsu: masu shanyewar ɓarin jiki, masu rauni a laka, masu ƙuna, waɗanda aka yi wa aikin karaya, jariran da aka haifa hannu ɗaya a sake. Ki roƙe shi ya gyara abin da ya ga ya kamata, a kai wa shugaban asibiti ya sa hannu. Da wuya mutum ya yaƙi takardar da ya sa bironsa a kanta.

Batun fitilar da ta lalace, kada ki mayar da ita kukanki na farko. Jama'a suna son inji, suna son su ji ɗumi ko su ji wuta na motsa musu tsoka, shi ya sa ake layi wurin wancan mutumin. Amma ke kin san abin da ke tayar da mai shanyewar ɓarin jiki: tashi daga kujera a koma, ɗora nauyi a kan ƙafar da ta mutu, kai cokali baki, buɗe hannu a rufe, ana maimaitawa har a gaji, musamman a watanni uku zuwa shida na farko da jiki ya fi karɓar gyara. Wannan ba ya buƙatar wutar lantarki. Kafinta da mai walda za su yi miki sandunan riƙewa biyu da 'yar matakala. Ki haɗa da dogon madubi, da tabarma mai kauri, da ƙwallo, da ƙananan buhunan yashi, da robar tayar keke. Wancan mutumin na cikin gari zai iya sayen kowane inji, amma ba zai iya duba mutum ya san wace tsoka ce ta raunana, wace ce ta sandare, da abin da ya kamata a fara da shi ba. Gyaran fitila ki nema daga baya, lokacin da kike da lissafin da za ki nuna.

Kuma ki daina zama a ɗakin kina jira. Marasa lafiyarki suna kwance a ɗakunan kwanciya, ana jan hannunsu shanyayye wajen tayar da su har kafaɗa ta goce, suna kwana a gefe guda har gyambo ya fito. Ki nemi izinin bin zagayen duba marasa lafiya ko sau biyu a mako. Ki kama nas-nas da hannu biyu, domin su ne ke tare da mara lafiya dare da rana, kuma su ne za su riƙa tuna wa likita cewa a kira ki. Ki nuna musu, da majinyata, yadda ake juya wanda ba ya motsi duk bayan awa biyu, da yadda ake tallafe kafaɗa da matashi. Ki je wurin ungozomomi ki yi musu bayanin jaririn da hannunsa ya saki bayan haihuwa mai wuya, da matar da ta tashi tana jan ƙafa bayan doguwar naƙuda, irin waɗanda ake gani a cibiyoyin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina da Laure a Kano. Ki tuna wa masu allura cewa ƙaramin yaro a cinya ake yi masa, don allurar ɗuwawu da ta sami jijiya ta sa yara da yawa jan ƙafa. Minti goma sha biyar a taron ma'aikata ya ishe ki ki faɗi ɗaya daga cikin waɗannan. Kowanne kika faɗa, wani ya gane dalilin zamanki a asibitin.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe daga duk amsar nan. Ki sayi babban littafi mai bango. Duk wanda kika gani, ki rubuta ranar da ya fara zuwa, wa ya turo shi, kwana nawa da fara ciwon, da abin da kika auna. Ƙarfin tsoka daga sifiri zuwa biyar. Zafin ciwo daga sifiri zuwa goma. Daƙiƙa nawa ya ɗauka ya yi tafiyar mita goma. Makinsa a ma'aunin Barthel, mai nuna ko yana iya ci da wanka da sa tufafi da shiga banɗaki da kansa. Gaɓar da ta sandare, digiri nawa take lanƙwasuwa. Ki sake aunawa bayan mako biyu, bayan wata guda, da ranar sallama. Ki rubuta har waɗanda suka daina zuwa da dalilinsu, ko kuɗin mota ne, ko rashin mai rakiya, ko sun koma wurin mai ɗori. Kada ki ƙawata komai, wanda bai samu sauƙi ba ki rubuta bai samu ba.

Bayan wata uku ki fitar da rahoto shafi biyu zuwa ga shugaban asibiti, ki riƙe kwafi mai hatimin an karɓa. Shugabannin asibiti da na ma'aikatar lafiya yarensu lissafi ne: mutum nawa aka gani, nawa suka tashi da ƙafarsu, kwana nawa aka rage a kan gado, nawa sashen ya shigar. A saman rahoton kina iya tuna musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 2.4, kusan ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da lalurar da za ta amfana da irin wannan aiki, kuma a watan Mayu na 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin ƙarfafa shi a cikin tsarin lafiya na ƙasashe. Amma wannan ado ne kawai. Abin da zai motsa su shi ne lissafin garinsu, wanda ba wanda yake da shi sai ke.

Wasiƙarki ta nuna mini kina ɗauke da kayan nan ke kaɗai, ban ga inda kika ambaci ƙungiya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki nemi reshen NSP na jiharki, ki biya kuɗin ƙungiya, ki riƙa halartar taro ko da tafiyar tana da nisa, ki kuma zaɓi babba guda da za ki riƙa kira in mara lafiya ya ɗaure miki kai. Akwai abubuwan da ke kaɗai ba za ki iya ba, amma reshen jiha zai iya in an matsa masa: neman a ɗauki ƙarin masu gashi a asibitocin ƙananan hukumomi, a buɗe guraben horon shekara guda, a yi ƙarin girma a kan lokaci, a ba ku kujera a kwamitocin asibiti. Tun da dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohi kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, yana da muhimmanci a san zaman gashi nawa ake biya wa mai katin inshora, domin aikin da inshora ba ta biya talaka ba ya samunsa. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta sa ƙungiyoyinsu sun zama abokan tafiyarku, kuma muryarsu a gaban 'yan majalisa takan fi taku nauyi. Ranar 8 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar gashi ta duniya. Gidajen rediyo suna neman mai magana a irin wannan rana, kuma mace mai bayanin shanyewar ɓarin jiki da Hausa mai daɗi, kunnuwa da yawa za su tsaya mata.

Rigimar albashi tsakanin tsarin CONHESS da kuke kai da CONMESS na likitoci, da takun saƙar JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, da ƙungiyar likitoci, abu ne na gaske, kuma ki ba ƙungiyarki goyon baya a inda take da gaskiya. Amma kada ki shigo da shi gefen gadon mara lafiya. Na ga yadda wannan gaba ke hana a turo mutum wurin da zai samu sauƙi, kuma wanda ke kwance shi ke biya.

Mutumin da ke cikin gari, kada ki je masa da kanki, kada kuma ki kai shi Facebook. Mace ce ke, ke kaɗai a ƙaramin gari, shi kuwa yana da jama'a. In kin ga wanda ya cutar, ƙuna ce ko karaya da aka murɗa, ki rubuta abin da kika gani da kwanan wata, ba tare da fallasa mara lafiyar ba, ki miƙa wa reshen ƙungiya su kai wa MRTB da hukumar da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a jiharku, irin PHIMA a Kano. Aikinsu ne. Amma ki tambayi kanki me ya sa ake layi a wurinsa. Mai yiwuwa yana buɗewa da yamma bayan an tashi daga kasuwa, yana sakin fuska, yana ba mutum lokaci, ba a yawon neman kati. Wannan kina iya koya ko daga wanda bai yi karatu ba. Kina kuma da abin da ba shi da shi: matan aure da tsofaffi da yawa suna haƙuri da ciwo shekaru don ba sa so namiji ya taɓa su. In suka ji akwai mace a asibiti, za su zo.

Masu ɗori na gado kuwa kada ki haɗa su da shi. Mutane sun yarda da su tun kafin a gina asibitin. In kin samu hanyar zama da su cikin mutunci, ki gaya musu alamomin ɗaurin da ya matse: yatsu su kumbura, su yi sanyi, su canza launi, ko ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu. Hannun yaro ɗaya da aka kwance da wuri bai kai ga yankewa ba ya isa ladan zaman.

Batun "dakta" ba zan daɗe a kansa ba. Hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da digirin DPT na shekara shida, wato digirin dakta a fannin gashi, kuma waɗanda suka yi shi suna da laƙabinsu. Ke ki tsaya a kan abin da takardarki ta ba ki, kuma duk wanda ya shigo ki gaya masa ke likitar gashi ce, ga abin da kike yi, ga abin da sai an ga likitan asibiti. Kada ki rubuta maganin da ba a ba ki ikon rubutawa ba, ko da majinyata sun roƙe ki. Kuskure ɗaya a nan zai rushe duk abin da kika gina.

Tayin kawu alheri ne, ki gode masa, ki ce ya ajiye miki shi. Lokacinsa bai yi ba. Wurin kai yana so ki riga kin yi suna, kina da likitocin da suka yarda da ke za su turo miki mutane, kuma ke ma kina da inda za ki tura wanda ya fi ƙarfinki. Yana so rajistar wuri, da haya, da wuta, da mataimakiya, da kuɗin riƙe kai na watannin da ba ciniki. Ki kuma sani cewa jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da sana'a ko kasuwancin kansa in ban da noma, don haka kafin ki haɗa biyu ki nemi a rubuce abin da ƙa'idar aikinki ta yarda da shi. Karkatar da marasa lafiyar asibiti zuwa wurin kai kuwa cin amana ne, ko kowa na yi. In ranar ta zo, ku rubuta da kawu ko kuɗin kyauta ne, ko bashi, ko haɗin gwiwa, don zumunci ya tsira.

Kafin nan ki zaɓi fanni guda ki zurfafa. A inda kike, yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da ta samo asali daga wahalar haihuwa ko shawara, da lafiyar mata bayan haihuwa, da shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, kowanne zai ci rayuwar mutum guda bai ƙare ba. Jami'ar Bayero da ta Ibadan suna ba da digiri na biyu da na uku a gashi, kuma bayan an tabbatar da ke a aiki kina iya neman hutun ƙaro ilimi. Ko a hutunki na shekara, ki nemi a bar ki ki zauna mako biyu a sashen gashi na babban asibiti, kamar na ƙashi a Dala ko na koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ki ga yadda manya ke aiki. Littafin nan naki kuma, in kin kiyaye shi da kyau kika samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, shi ne zai zama tushen bincikenki.

Tafiya waje ba laifi ba ce, kuma ba zan ɗora miki nauyin ƙasa gaba ɗaya ba. In Ingila ce, sai kin yi rajista da hukumar HCPC, wadda za ta duba karatunki da aikin da kika yi, tana kuma neman maki 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba. Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa zuwa ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu, don haka ke za ki nemi aikin da kanki, kuma duk dillalin da ya ce ki ba shi miliyoyi ya samo miki, ki yi nesa da shi. In Saudiyya ce, akwai tantance takardu ta DataFlow da jarrabawar Prometric da rajistar hukumarsu ta ma'aikatan lafiya. Ko'ina ne, za su nemi shaidar cewa lasisinki na gida ba shi da tabo, da shaidar ƙarin horon da kika yi, da wasiƙar wanda kika yi aiki a ƙarƙashinsa. A ganawar ɗaukar aiki kuma za su tambaye ki yadda kike gane alamomin hatsari, da yadda kike auna sauƙi, da yadda kika warware saɓani da abokin aiki. Kin ga ke nan duk abin da na lissafa miki a sama shi ne guzurin tafiyar ma. Wadda ta fita cikin fushi ba ta da wasiƙar, ba ta da amsar.

Ki ba kanki shekara guda, kina yin aikin nan kina kuma haɗa takardunki. In a cikinta aka ƙi sauraron tsarin da kika kawo, ko aka sake ci miki mutunci bayan kin kai ƙara a rubuce, ko aka tilasta ki yin abin da kika san zai cutar da mara lafiya, to ki fara neman canjin wurin aiki daga hukumar kula da asibitoci ta jiha. In hakan ma bai yiwu ba, ki ajiye aikin ta hanyar da ƙa'ida ta tanada, da sanarwa da miƙa kaya, ki tafi kanki a ɗage. Ki yi istihara kafin kowanne.

Baba kuwa, kada ki yi jayayya da shi. Maganarsa ta tsoro ce, yana ganin ɗiyarsa ta sha wahalar karatu ta dawo tana kuka. A dangi ko a unguwa ba za a rasa tsohon da gwiwa ta hana shi sujada ba, ko yaron da ya wuce lokacin tafiya bai tashi ba. Ki sa a kawo shi asibiti ya yanki kati, ki yi masa aiki yadda ya kamata, labarin zai isa kunnen Baba ta bakin wasu. Ki kuma riƙa ba shi labarin marasa lafiyar da suka tashi, ba tare da sunayensu ba, domin zuwa yanzu ɓacin ran aikin kawai yake gani a fuskarki.

Ki sake rubuto mini bayan kin gana da likitan, ki gaya mini abin da ya gyara a takardar da abin da ya ƙi. Allah ya yi miki jagora.